Riga Bisa Riga a Gidan Mai-fenti

A bayan bangon littafi, babu rana

Kai mai leƙen littafin mutane, tunda ka buɗe ba a ba ka izini ba, zauna ka sha tambaya. Wane ne a gidan nan yake sanye da riga bisa riga, bai taɓa tuɓe ko ɗaya ba, kullum yana kai da kawowa amma bai taɓa zuwa ko'ina ba, sai rana ɗaya da aka kai shi asibiti alhali lafiyarsa ƙalau? Kada ka yi saurin cewa ni ce. Ni ina tuɓe nawa in wanke. Wannan a ƙarshe na rubuta shi, na dawo na sa shi a farko, don littafina ne. In ba ka gane ba ka biyo ni a hankali, ƙafata ba ta sauri.

Litinin, da hantsi

Littafin lissafin Ango ne wannan. Tun farkon zango aka saya masa, abin da ya rubuta a ciki sunansa ne da hoton babur mai fukafukai, sauran fari fes. Na ce tunda shi ba ya so, ni da na tsaya a aji huɗu bari in ƙarasa masa karatun.

Ango jikana ne, ɗan 'yata Auta, shekararsa sha biyar. Sunan marigayi mijina aka sa masa, shi ya sa bakina ba ya iya faɗa, sai in ce Ango. Shi kuma Tsohuwa yake ce mini, kullum yana barazanar zai sake ni ya auro mai haƙora. Na ce ya saki mana, mu ga wadda za ta riƙa ɗinke masa wando duk ranar da ya haura katangar mutane.

Ranar Juma'a ya shigo da hannun rigarsa a ƙone, yana warin kananzir. Ban tambaye shi komai ba. Ni warin kananzir ba baƙona ba ne. Mijina fenti ne sana'arsa, kowa Mai-fenti yake ce masa, da kananzir yake wanke burushinsa kowace yamma a bakin rariya, har ya zama in na ji warin sai in ɗora ruwan wanka, na san maigida ya dawo. Ranar Juma'ar nan ma sai da hannuna ya kai kan tukunya kafin hankalina ya dawo jikina.

Yau shugaban makaranta ya zo tare da maigadinsu, wani dattijo, hannunsa na dama naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Ɗakin ajiyar da ke bayan makaranta, wanda ake tara tsofaffin kujeru a ciki, yanzu babu shi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Na kawo musu ruwa, maigadin ya karɓa da hagu, ya ce in yi haƙuri. Shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Sun ce maganar ta kai ofishin da ke duba shari'ar yara. Ƙarshen wata za a zauna. Ko a bar mini shi a gida, ko a kai shi gidan horon yara, can bayan gari inda ake aske musu kai. Kafin nan sai likita ta duba shi ta rubuta abin da ta gani.

Talata, bayan la'asar

Akawu ya zo. Ɗana na fari ke nan, kawun Ango. Tun yana ƙarami yake jera takalman gida bisa tsawonsu, da ya girma aka ba shi tebur a ofis, suna ya zauna masa. Ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda ya zo gidan surukai.

"Inna, wannan karon ba zan je roƙon kowa ba."

"Wa ya aike ka? Sha ruwa."

"Ya kwashe tattabarun maƙwabta, na ba da haƙuri. Ya sayar da dutsen gugarki, na yi shiru. Ya cire wa ɗan mutane haƙori, ni na je gidansu na durƙusa. Ya gudu tasha muka yi ta nema har ƙafa ta kumbura. Yanzu ga bawan Allah da hannu a naɗe. Gobe kuma me?"

"Gobe Laraba."

Bai yi dariya ba. Akawu ba ya dariya a ranar aiki.

"A kai shi can a gyara shi. A can aƙalla akwai katanga, Inna, akwai ƙofa mai makulli. In gari ya waye an san inda yake."

Na gane abin da yake nufi, shi ma ya san na gane. Muka kalli ƙasa mu biyu, kamar wani abu ya faɗi.

Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, ban da ɗaya. Dutsen gugar ba nawa ba ne, aro na yi.

Laraba, da sassafe

Ango bai runtsa ba. Ni ma haka. Bambancin shi ne shi ya tashi kamar an sa masa sabon batir.

Alhamis, da rana

"Tsohuwa ki saurara, ki saurara, kekuna, duk kekunan garin nan a sa musu laima, laima mai naɗewa, ni zan ƙera, in ɗauki ma'aikata, ke ki zauna a shago, a'a ke barci za ki yi, in saya miki haƙora na zinariya, kin san ni ba na buƙatar makaranta, duk malaman nan na fi su, kin ji ko, kina jina?"

Haka tun asuba. Ya kwance laimata, ya kwance agogon bango, ya kwance kejin kaji. Tsakar gida ta koma kamar rumfar masu tsohon ƙarfe. Na ce, "Ango, numfasa, kada ka mayar da ni bazawara karo na biyu."

Rashin jin Ango tsoho ne, tun yana rarrafe yake cizon mutane, wannan na saba da shi. Amma wannan bakin da ba ya tsayawa, da idon nan mai ƙyalli kamar an kunna fitila a bayansa, sabon abu ne a wurinsa. A wurinsa na ce.

Mai-fenti yana da lokuta biyu. Mu a gida cewa muke "ya tashi" ko "ya kwanta", kamar ana maganar iska. In ya tashi, wayyo daɗi! Yakan shigo da gwangwanaye a ka da kafaɗa yana waƙa, ya ɗaga ni sama a gaban yara har in ce sauke ni mutumin nan, ba ka da kunya. Ƙyauren ɗakina yake fara shafawa, kullum daga nan yake farawa, wai ƙofar sarauniya ba ta tsufa. Daga nan sai bango, sai randa, sai kujeru, sai takalmin duk wanda ya manta nasa a waje. Wata shekara ya gama gida fenti ya ragu, ya haura ya shafe katangar maƙwabcinmu mai gyaran keke, har da ƙahon akuyarsa. Akuyar nan ta yi wata da watanni tana yawo da ƙaho shuɗi, yara na binta suna tafi. Mai keke ya zo da niyyar faɗa, ya kalli akuyarsa, akuya ta kalle shi, dariya ta zaunar da shi a ƙasa.

Ni ban riƙe shekaru da lamba ba, da launi na riƙe su. An haifi Akawu a shuɗi. Auta a rawaya. Aka jawo mana famfo a kore.

In ya kwanta kuwa. To, biron nan ya fara ƙarewa. Sai wata rana.

Litinin, da yamma

Mun je asibiti. A bakin ƙofa Akawu ya riƙe hannuna, ya bari Ango ya yi gaba.

"Inna, za a yi tambayoyi. Don girman Allah kada ki kawo maganar Baba."

"Wace daga ciki? Ta akuya?"

"Kin san wadda nake nufi. An sa mini wani suna a makaranta saboda shi, har na gama ban rabu da shi ba. Ina da 'ya'ya mata, Inna. Ba za a kira su da shi ba. Ki yi mini alkawari."

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Shi ne mai riƙe wa ubansa gwangwani in ya hau tsani, tun bai fi gwangwanin tsawo da yawa ba. Na ce na yi alkawari, bakina ba zai faɗa ba.

Likitar yarinya ce, da Auta na nan da sun yi sa'a. Ta fara hira da Ango shi kaɗai, muna jiyo muryarsa ta bango yana tallata mata laimar keke. Sannan ta kira mu. Ta tambayi barcinsa, da cinsa, da faɗa, da gudu daga gida. Akawu yana amsawa kamar mai karanta wasiƙar ofis. Can sai ta ajiye biro.

"Akwai wani a dangi, ta uwa ko ta uba, da yakan yi kwanaki ba barci, ƙarfi ya yi masa yawa, ya yi ta aiki ko magana ko saye-saye, daga baya kuma ya faɗi ya kasa tashi?"

"Babu," in ji Akawu, tun ba ta rufe baki ba.

Ta juyo. "Kaka fa?"

Na ce, "'Yar nan, mu a danginmu ciwon gwiwa ne gado. In kina da maganinsa rubuta mini."

Ta yi murmushi, amma ba ta ɗauke ido daga kaina da wuri ba. Ta ce amsar nan na da nauyi, don abin da za ta rubuta wa ofis zai iya canzawa saboda ita. Mu je mu yi tunani, mu dawo mako mai zuwa.

A mota Akawu ya ce ya gode. Na ce ya rufe taga, iska na damuna.

Laraba, da hantsi

Wani mai dogon baki ya gaya wa Ango cewa kawunsa ne yake so a kai shi can. Jiya Ango ya tare Akawu a bakin ƙofa ya zazzage masa maganganun da ko ɗan tasha sai ya toshe kunne. Akawu ya ɗaga hannu, ya sauke, ya juya ya tafi. Ango ya rasa wanda zai huce a kansa, ya ɗauki ƙusa ya kafta wa ƙyauren ɗakina daga sama har ƙasa, da iya ƙarfinsa.

Ƙyauren ruwan ƙasa ne, launin da babu mai kallonsa sau biyu. Yau da rana ta haska shi na je da niyyar in yi kuka in yi zagi, sai idona ya faɗa cikin tsagar. Shuɗi. Kore. Rawaya. Ja. Wani shuɗin kuma. Siriri bisa siriri, kamar zannuwa a ninke cikin akwati. Na jawo kujera na zauna. Shinkafa ta kama a kan wuta ina can ina gaisawa da shekaruna.

Ga jan nan na shekarar da Mai-fenti ya sayo mini keken ɗinki biyu a rana ɗaya, wai ɗaya na ƙafar dama ɗaya na hagu. Ɗaya muka mayar. Ɗayan shi ya riƙa ciyar da mu duk lokacin da aka shiga wancan lokacin.

Alhamis, da yamma

Ango ya kwanta.

Asabar, da rana

Fuskarsa na bango. In kai shayi da zafi, in ɗauko shi da sanyi. Laimar da agogon da kejin suna nan a tsakar gida yadda ya bar su, kaji na kwana a kan igiyar shanya.

Ashe ranar nan ba biro ne ya ƙare ba, ni ce. To bari in rubuta. In Mai-fenti ya kwanta, haka yake juya wa duniya baya. Burushi ya bushe a gwangwani ya koma ice. Masu aiki su zo sallama in ce ya yi tafiya, takalminsa na bakin ƙofa yana ƙaryata ni. Dangi su ce lalaci ne, wasu su ce hannu aka sa masa. In ya tashi kuma su ɗin dai su ce kai, mutumin nan akwai himma. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa abu ɗaya ne mai fuska biyu. Ni tsammani nake maza biyu aka ba ni a kan sadaki ɗaya.

Na zauna a bakin gadon Ango. Na ce, "Ango fushi yake da amarya?" Ya ja bargo ya rufe kai. Na ce to ni ma zan nemi saki, mai gyaran keke ya daɗe yana kallona. Har na miƙe, sai ya ce, bai ko juyo ba, "Tsohuwa, hannun mutumin nan zai warke?"

Yau ne karo na farko da ya ambace shi. Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Gara a kai ni can ɗin. Ko in tafi inda Umma ta tafi."

Na kulle ƙofar waje, na ɗaure makullin a bakin zanina.

Lahadi, da safe

Auta ba ta da rashin ji ko na ƙwayar zarra. Dariyar ubanta ta ɗauko, da hannunsa, da waƙarsa. Ta fita wata safiya da mayafinta mai kyau, lokacin Ango bai fara magana ba, ba da ƙafarta ta dawo ba. Uban yaron direban babbar mota ne, ya bi hanya, hanya ta riƙe shi. Iyakar abin da littafin nan zai ji ke nan.

Gobe za mu koma asibiti. Na ɗauko alkawarin da na yi wa Akawu na juya shi sama da ƙasa kamar mai neman allura a tabarma. Baki kawai na ambata.

Lahadi, bayan azahar

Na shiga wurin Ango da sukudireban kakansa.

"Tashi, amarya na da aiki."

"Ki ƙyale ni, Tsohuwa."

"Ƙyauren da ka ɓata za ka cire mini. Wanda ya ɓata shi ke ɗauka. In ba ka tashi ba ni zan hau kujera in cire, in faɗo in karye, a ce Ango na kwance amaryarsa ta karye."

Na jawo kujerar da ƙara don ya ji. Na ɗora ƙafa ɗaya. Ya tashi kamar an ɗaura masa buhun yashi a baya, ya karɓi sukudireban.

Ƙusoshin duk fenti ya binne su, sai da ya yi ta tono kafin ya ga kansu. Yana tono launuka na zubowa a ƙafarsa. Ya ce wa ya yi wannan haukan? Na ce kakanka, mai sunanka, ka iya bakinka. Na ba shi labarin akuya. Bai yi dariya ba, amma hancinsa ya motsa, na gani.

Ya sa farce a can sama-sama. "Wannan ruwan hodar fa?"

Na ce ya yi aikinsa, rana na tafiya.

Litinin, da yamma

Yau kam littafi sai ka yi haƙuri, zan cika ka.

Na kira mai amalanke aka ɗora ƙyaure, ni da Ango muna binsa a baya kamar masu rakiyar amarya. Mai shagon kwana ya leƙo, "Kaka, ƙaura ake yi?" Na ce a'a, ƙyauren ne ba ya jin daɗi. A ƙofar asibiti mai tsaro ya ce ba a shiga da katako. Na ce, "Ɗan nan, shi ne mara lafiyar, mu rakiya muka zo." Wata nas da ke wucewa ta yi dariya har ta riƙe bango, ta ce a bar tsohuwa ta wuce.

Akawu na kan benci yana jiranmu, riga ta sha guga. Ya ganmu ya miƙe tsaye.

"Inna, mene ne wannan?"

"Ƙyaure."

"Na ga ƙyaure ne!"

"To me ya sa ka tambaya?"

Aka jingina shi da kabad a ofishin likita. Na ce, "Likita, na yi wa wani alkawari bakina ba zai faɗi wata magana ba, ni kuwa ba na karya alkawari. Wannan dai ƙyauren ɗakina ne, jikana ya kafta masa ƙusa, na kawo ki ga irin ɓarnarsa da idonki." Na zauna na tsuke baki.

Ta taso ta tsuguna, ta bi tsagar da yatsa a hankali. "Wa yake shafa masa fenti haka?"

"Kakana," in ji Ango. "Har akuya ya taɓa shafawa."

"Duk shekara yake yi?"

Akawu ya nufi ƙofar fita, har ya kama mariƙinta. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ɗa ban tsirar da jika ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon hannunsa. Sai ya dawo, ya tsuguna kusa da ita da gogaggen wandonsa.

"Ba duk shekara ba," in ji shi. "Sai in ya tashi."

Ya sa farce a kan kore. Ya ce a wannan ne Baba ya ƙi barci har ya fita yana shafa wa sandunan lantarkin layinmu fenti, 'yan sanda suka dawo da shi gida, shi Akawu ke riƙe da gwangwani. Ya ce tsakanin wannan da wancan Baba ya kwanta har shi Akawu ya canza aji Baba bai fito tsakar gida ba. Ta tambaye shi ko akwai mai faɗa da ɗauke-ɗauke a dangin. Ya ce ƙanin Baba, wanda ofishin 'yan sanda ya zama gidansa na biyu tun yana saurayi. Ni har na manta da wannan ja'irin, Allah ya jiƙansa, agogon aurena yana wurinsa.

"Wanne ne na ƙarshen mahaifinka?"

Ya nuna fari.

"To wannan ruwan hodar da ke samansa fa?"

Akawu ya juya, ba likita ya kalla ba, Ango ya kalla.

"Mahaifiyarka ce. Kana goye a bayanta ta shafa shi, tana waƙar Baba. Ta yi kwanaki ba ta yi barci ba lokacin."

"Na saman fa, Kawu? Mai munin?"

"Ni ne. Bayan ta tafi. Na kasa kallon wancan."

Ango ya ɗora yatsa a kan ruwan hodar nan ya bar shi a wurin. Tun da ya yi wayo abin da ake gaya masa game da uwarsa shi ne tana da kirki, daga nan sai a canza magana. Ni dai ban ce uffan ba, alkawarina na nan daram. Hawaye ba ya cikin alkawarin.

Likita ta ce abu biyu take gani a jikin yaron. Ɗaya shi ne wannan tashi da kwanciyar, yana da suna na Turanci da birona ya ƙi rubutawa. Ɗayan shi ne rashin ji da ƙetare iyaka, shi ma ashe yana da suna a wurinsu. Ta ce daban-daban suke, amma sau da yawa akan same su a dangi ɗaya, wani lokaci ma a yaro ɗaya. Ba kowa ke ɗauka ba, ta kalli Akawu da ta faɗi haka, kuma ba abin kunya ba ne. Na farkon akwai magani. Na biyun aiki ne mai tsawo, da shi da mu duka. Sannan ta kalli Ango ta ce ciwo ba ya goge abin da ya samu hannun maigadi, wannan nasa ne, shi zai ɗauka. Ya ce ya sani.

Maganar da ya yi mini ranar Asabar ba ta cikin alkawari, don haka na faɗa mata. Ta ce a bar shi a wurinsu 'yan kwanaki. Ƙyaure ne kawai aka sallama.

Laraba, da safe

Ɗaki ba ƙyaure, gida ba Ango. Kaza ta yi ƙwai a kan gadona.

Juma'a, bayan la'asar

Akawu ya biyo daga asibiti. Ya ce yaron ya yi barci, ya ci abinci, ya kuma yi wa wata nas ƙarya cewa ubansa matuƙin jirgi ne. Na ce to alhamdu lillahi, ya fara dawowa.

Ya zauna sosai a kujera yau, har ya jingina.

"Inna, kin yaudare ni."

"Ni? Ka ga na buɗe baki?"

Ya kalli ƙyauren da ke jingine a bango. Ya ce ya gaya wa matarsa maganar ubansa, ta ce ai ta daɗe da sani, uwarta ce ta sayar wa mai keke akuyar. Sai ga Akawu yana dariya, kafaɗa na rawa, a ranar aiki. Dariyar ta ubansa ce. Ban gaya masa ba.

Talata, da yamma

An zauna a ofishin shari'ar yara. An karanta abin da likita ta rubuta. Akawu ya miƙe ya ce shi ne kawun yaron, shi zai tsaya masa, shi zai riƙa kai shi asibiti. Maigadi ya zo, an kwance masa bandeji, yatsu biyu ba sa lanƙwasawa. Aka ce Ango ya je gabansa. Ya je, ya kalli hannun, bai kawar da kai ba, ya faɗi abin da ya faɗa ƙasa-ƙasa, ban ji ba, dattijon ya ji.

An bar mini shi. Zai sha magani, zai riƙa zuwa ganin likita duk mako, duk Asabar kuma yana makaranta yana ɗaukar bulo har a tayar da ɗakin da babu. Sun ce in aka sake, babu sauran zama. Na ce na ji. Gwiwoyina suka ƙi tayar da ni daga benci, sai da Ango ya kama ni, yana cewa kun gani ko, shi ya sa nake son mai jini a jika.

Asabar, da yamma

Ya dawo da ƙurar siminti har gira. Maganin na sa shi hamma, yana ƙorafi wai ya kashe masa laimar keke. Sukarina ya ragu, na tambaya, ya rantse kaji ne. Likita ta ce wannan ɓangaren da saura, ni ma na ce da saura.

Shi da kawunsa suka mayar da ƙyaure. Sun yi musu a kan kowace ƙusa, ya ɗan karkace, yana ƙara in an buɗe. Akawu ya zo da ragowar fenti ruwan ƙasa a gwangwani, wai a rufe tsagar. Ya tsaya da shi a hannu kamar yadda yake tsayawa a gindin tsani. Ango ya ce, "Kawu, a bar shi haka." Suka kalle ni. Na ce ni bakina na cikin alkawari. Gwangwanin ya koma mota ba a buɗe shi ba.

To, mai leƙe, ga amsarka. Ƙyauren ɗakina ne. Na katako ne, mijina ya yi ta shafa masa fenti, 'yata ta shafa sau ɗaya, ɗana sau ɗaya, jikana ya tsaga shi da ƙusa, kuma yana nan a wurinsa.